Hancin Matata Lafiyarsa Ƙalau

Ni ne mai laifi, ba matata ba, kuma yammacin da na fara faɗar haka da bakina ba zai taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina ɗinki a Kasuwar Jalingo, muna zaune a unguwar Sintali. Giya nake sha, irin 'yar ledar nan da ake jefawa a aljihu. Kafin in shiga gida sai in cika baki da kanumfari, in fesa turare har a hula. Duk da haka sai ta ce, "Baban yara, warin nan kuma?" Maimakon in ji kunya, sai na je wajen mahaifiyarta, wadda muke kira Dada, na ce 'yarta tana jin warin abin da babu shi, ina zargin aljanu ne suka shiga hancinta. Aka yarda da ni, tunda a sahun gaba nake sallah. Aka yi mata ruƙiyya, aka yi mata hayaƙi, tana kuka tana rantsuwa. Daga ƙarshe Dada ta ɗauke ta zuwa gida, wai jinya. Lafiyayyar mace, 'yan unguwa suna nuna ta da baki.

Da hannuna ya fara rawa a kan keken ɗinki na je asibiti. Wata nas ta dube ni, ta ce akwai masu irin matsalata da ke haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar, a ajin wata makaranta a unguwar Nukkai. Nukkai ta yi mini, don babu wanda ya san ni a can. Na sa babbar riga da baƙin tabarau, na riƙe carbi, na tafi.

Na tarar da manyan mutane zaune a bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓo haɓa. Mai jan zaman wani dattijo ne ɗan ƙabilar Mumuye, tsohon direban tirela, kowa Baba yake ce masa. Da aka zo kaina na gyara murya na ce, "Ni aiko ni aka yi. Wani abokina ne ke fama, na zo in ji masa."

Baba ya gyaɗa kai. "Madalla, Alhaji. Wannan aboki naka, shi ma yana cin kanumfari kamar kai?"

Ajin ya ɗauki dariya. Wani makanike ya ce shi ma abokinsa ne ya aiko shi farkon zuwansa, har yau abokin bai zo ba. Ya ce shi fetur yake shafawa a riga kafin ya shiga gida. Wata mai sayar da kifi ta ce ɗanyar albasa take ci kamar gwaiba. Wani malamin makaranta ya ce ya sha alewar tari har haƙorinsa ya yi rami. Ni da na zo da girma, sai ga ni ina dukan benci, tabarau ya faɗi, hawaye na zuba. Shekara da shekaru ina ganin ni kaɗai ne mai wayo a Jalingo, ashe aji guda ne mu.

Daɗi ya kwashe ni, na ce bari in ba su wanda ya fi nasu. Na ba su labarin aljanun hanci, ina jiran su faɗi ƙasa. Babu wanda ya yi dariya.

Mai kifin ta ce, "Yanzu tana ina?"

Na ce gidansu.

"Har yanzu suna mata hayaƙin?"

Na ce, "Ba aboki ba ne. Ni ne. Ita kuma lafiyarta ƙalau."

Baba ya ce, "To, yanzu ka iso. Sannu da zuwa."

Na fito jikina sakayau kamar an sauke mini buhun masara. Da ƙafa na kama hanya, ina gaida duk wanda na gani, har wani mai rake ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini. Na so in wuce gidan Dada a ranar, amma Baba ya riga ya ce kada in je da baki kawai, in fara daina sha tukuna. Na ci gaba da zuwa. Akwai makon da na zame na sha, na koma kaina a ƙasa, suka matsa mini a benci ba tare da gori ba. A wurinsu na koyi cewa ɓoyon da na yi ya fi shan giyar cutar da iyalina, don sai da na ɗora wa wata ciwo kafin asirina ya rufu.

Da hannuna ya daina rawa, na je gidan Dada. Na roƙi Dada ta kira maƙwabtan da suka ga ana hayaƙin. Na durƙusa a tsakar gida, matata tana tsaye a bakin ƙofa, na ce, "Dada, babu aljani ko ɗaya. Giya nake sha, duk abin da ta ji gaskiya ne. Maman yara, na yi miki ƙarya, na sa an mayar da ke mara lafiya a idon jama'a. Ko ba ki dawo ba, ki yafe mini."