Notin Da Auta Ya Ɗaure

Mai kai saƙo ba ya son tsayuwa, gida tara ke jiransa. Amma ga shi a bakin garejin wani gida, kwalin kayan gyara a hannu, ya tsaya kallon mai gidan.

Dattijo ne siriri, furfura har gira, tabarau ɗaure da zare. Ya sauke injin motarsa kan tebur, irin wanda ba shi da fistan, sai ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a ciki. Duk abin da ya kwance yana jere kan tsohon zanin gado. Kujera biyu ce a wurin, ɗaya ta yi ƙura. Da gani ba aikin mutum ɗaya ba ne a da.

Saura babban notin baya, wanda sai ɗaya ya danne ɗaya ya ja. Dattijon yana jan sifana, injin yana bin sa.

"Auta, danne mini mana," ya ce, bai waiwayo ba.

Babu kowa. Mai kai saƙo ya ajiye kwalin ya danne. Notin ya yi ƙara, ya saki.

Dattijon ya ɗago, ya ga baƙuwar fuska.

"Sannu, Baba. Ai ya fita."

"Ya fita," in ji shi, yana juya notin a tafin hannu. "Ƙanena ne ya ɗaure shi, Allah ya jiƙansa. Kullum faɗanmu ke nan, ya cika ɗauri. Sauran duk ni na ɗaure. Wannan kaɗai ya rage nasa."