Fankar Baba Wilfred

A Narayi, idan ka ga dattijo tsaye a bakin bola yana duba shara kamar mai zaɓen tumatir, kada ka tausaya masa. Baba Wilfred ne, kuma aiki yake yi.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran inji a wata masaƙa a Kakuri. Ranar da aka rufe ta, ya dawo gida da filaya, da sukudireba, da tsohuwar fankar ofis da aka ce ya ɗauka tunda ba mai so. Wata shida bai leƙa ƙofar gida ba. Matarsa Damaris ce ta riƙe gidan da tuyar ƙosai, ta yi ta lallaɓa shi har ya farfaɗo. Daga nan ya buɗe ajin gyara a gindin mangwaron bayan cocinmu, kowace Asabar, kyauta. Ni ma ɗalibarsa ce, ko da yake har yau ba na taɓa waya sai na kira sunan Yesu.

Dokar ajin ɗaya ce: ba a zuwa hannu wofi. Kowa ya tsinto abin da aka jefar, a gyara shi ko a mai da shi wani abu. Wanda ya zo ba komai, shi zai wuni yana miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi da guduma. Wannan dokar ce ta hana Damaris sakat.

Fankar nan ta ofis tana falonsu. Fukafukanta biyu na asali ne, na ukun daga murfin bokitin fenti aka yanko shi. Idan an kunna ta sai ta yi tari sau biyu, ta juya hagu, ta kafe a can sai an mare ta. To, ga 'yarsu Irene ta sami miji, Kelechi makanike, kuma iyayensa za su zo gaisuwa nan da sati uku. Damaris ta rantse surukai ba za su tarar da wannan abin kunya a falonta ba. Ta roƙi Baba, ya ce fanka lafiyarta ƙalau.

Sai ta faki idonsa ta kai ta bola. Ran Asabar ga Benson mai aski ya shigo aji da ita a kafaɗa, yana washe baki. Baba ya juya ta, ya ce ikon Allah, irin tasa ce sak, wadda ɓarayi suka ɗauke. Ya ɗiga mata mai ya kai gida. Sati na biyu Damaris ta hau keke mai ƙafa uku har Sabon Tasha ta yar da ita, Vicky mai gwanjo ta dawo da ita.

Na ukun ni ce, kuma ba zan yi ƙarya ba. Na je wajen yayata a Gonin Gora, na hango fanka kwance a bakin titi, na gane ta sarai. Wa zai manta murfin fenti? Amma ba ni da abin kai wa aji, kuma babban yatsana bai warke daga gudumar satin da ya wuce ba. Na rungumo ta na shiga mota.

Asabar ɗin ce ranar baƙi. Ni na biyo Baba da fanka har falo. Damaris na goge tebur, ta ɗago ta yi min kallon da har yau nake jin sa a ƙeyata. Sannan ta ajiye tsumma.

"Baban Irene, babu wani ɓarawo. Ni na jefar da ita, sau uku."

"Na sani, Maman Irene. Wane ɓarawo ne zai ɗauki wannan ya bar talabijin?" Ya shafa kan fankar. "Rana ɗaya aka jefar da mu, ni da ita. Ni ke kika tsince ni. Ita ba ta da kowa sai ni."

Damaris ta yi ta ƙifta ido. Ni kuwa tausayi ya kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Can ta nuna lungu da baki, ta ce a ajiye ta nan, a lulluɓe ta da leshi.

Ƙarfe biyu baƙi suka cika falo. Ga zafi, ga shinkafa na tururi. Mahaifin Kelechi, Oga Chinedu, yana ta fifita da hularsa, har ya hango ƙafar fanka a ƙarƙashin leshi, ya roƙa a kunna. Irene ta sunkuyar da kai. Baba ya yaye leshi ya danna. Fanka ta yi tarinta biyu, ta juya hagu, ta kafe tana hura bango.

Kafin Baba ya motsa, Damaris ta miƙe cikin sabuwar atamfarta, ta taka a hankali, ta zabga wa fanka mari daidai inda ake marinta. Fanka ta juyo, iska ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ta koma ta zauna kusa da mijinta, ta gyara ɗankwali, ta dubi Oga Chinedu ido cikin ido.

"Tamu ce," in ji ta. "Haka take."