Ku Ce Ma Mutumin Birni

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. A Argungu wannan ba baƙon abu ba ne wajen matan zamaninta. Kunyar ɗan fari ta hana ta kallon idona, ta hana ta zaman hira da ni. Ina ƙarami "yaron nan" take ce mini. Da na sami aiki a gidan rediyo na koma Birnin Kebbi, sai na zama "mutumin Birni". Gaisuwa kaɗai ke shiga tsakaninmu kai tsaye, ita ma gajera, tana amsawa fuskarta na kallon wani wuri.

Duk da haka ban taɓa jin cewa ba ma magana ba, domin gidanmu cike yake da mata. Sana'ar Inna gumi ce. Manoma da 'yan kasuwa su kawo mata shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, ta jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, a tsane ta, a turara a rabin ganga har bakin ƙwayar ya buɗe, a shanya, a casa, a bakace, a tsince tsakuwa. Aiki ne da mutum ɗaya ba ya iya shi. Matan unguwa kan shigo da hantsi, ba sa fita sai la'asar sakaliya. Ta bakinsu nake magana da uwata.

Mafi yawa ta bakin Gwaggo. Ba 'yar'uwar mahaifina ba ce, maƙwabciya ce da aka kawo su unguwar ita da Inna suna amare, kuma ita ce ta fi kowa iya bakace. Idan na zo ranar Asabar na zauna kan turmin da aka kwantar a gindin darbejiya, Inna za ta ci gaba da juya shinkafa a kan shanya, ta ce:

"Ku ce ma mutumin Birni ya rame. Ko can ba su da tukunya?"

Gwaggo ta juyo. "Ka dai ji. An ce ka rame. Ni kuma na ƙara da cewa hular ga ba ta yi maka kyau ba."

"Gwaggo, ki ce mata aiki ne ya yi yawa."

"Wane aiki? Mutum shi zauna cikin sanyi shina surutu, a ce aiki? Taso ka ɗaga min gangar ga ka ga aiki."

Matan su yi dariya, Inna ta ɓoye tata da gefen mayafi. Tsakanina da ita bai fi taku biyar ba, kuma kowa ya san tana jin kowace kalma. Ta wannan hanya na gaya mata zan yi aure. Ta wannan hanya ta yi mini faɗa lokacin da na yi wata biyu ban zo ba. Bayan rasuwar Baba, ta wannan hanya muka raba shawarar yadda za a yi da gonar fadama, ƙanena ya ci gaba da nomanta.

Canjin bai zo a rana ɗaya ba. Ƙaramin injin casa ne ya fara zuwa unguwar tun ina makarantar sakandare. Ya ɗauke aikin turmi, mata uku masu daka suka daina zuwa, amma gumi da shanya da bakace suka tsaya, har aikin ya ƙaru domin yanzu ana gamawa da sauri. Inna ta yi murna da injin. Ta ce kafaɗun mutane sun huta.

Sai kuma manyan kamfanonin casa suka buɗe, a Birni da Argungu. Na karanta labarin buɗe su da bakina a labaran yamma, kuma abin da na karanta gaskiya ne. Noman rani ya bunƙasa. Fadamar da a da take zama fili bayan kaka ta koma kore shekara duka, ƙarar injinan ban ruwa ba ta yankewa. Motocin masu saye suka fara zuwa har bakin gona da sikeli da na'urar auna laima, su ɗauki shanshera daga masussuka, su biya nan take. Shinkafar kwarin Rima ta shiga buhu mai tambari ta kai garuruwan da Inna ba ta taɓa jin sunansu ba. Ƙanena ya sayi injin ban ruwa na biyu, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, ya sa 'ya'yansa makaranta mai kyau. Ba wanda ya cuce shi.

Manomin da aka biya a bakin gona ba shi da dalilin ɗauko buhu ya kawo cikin gari ya jira kwana huɗu. 'Yan kasuwar da ke zuwa daga Sakkwato da Jega neman shinkafa 'yar gida suka ragu, domin masu saye sun fi son wadda ba sai an tsince ba. Ƙanena da kansa buhu biyu kawai yake ware wa Inna, na ci. Matan suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da faɗa ko sallama ba. Wata ta kama suyar ƙosai a bakin ƙofar kamfani, inda masu dako ke taruwa. Wata ta bi ɗanta unguwar Badariya a Birni. Gwaggo ce ta ƙarshe. Ta gano cewa ana samun gutsattsarin shinkafa a cikin ɓuntun da ake zubarwa a bayan kamfani, kuma mai hannun bakace irin nata na iya cika kwano kafin azahar. Can ta koma wuni.

Ina tuna Asabar ta farko da na yi sallama ba wanda ya amsa sai Inna. Tsakar gidan a share take, gangunan a kife jikin bango. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, na zauna kan turmi. Na lura tana jan ƙafar hagu idan ta tashi. Na so in tambaya tun yaushe, na buɗe baki, na rasa wanda zan ce wa ya tambaye ta. Ita ma na ga ta kalli ƙofa sau biyu kamar mai jiran wani ya shigo. Ta kawo fura ta ajiye nesa kaɗan da ni, na sha. Muka zauna har aka kira la'asar. A motar komawa Birni na lissafa abin da muka ce wa juna, bai wuce gaisuwar zuwa da ta tafiya ba.

Haka Asabar huɗu. Matar ƙanena tana gida ɗaya da ita amma sashensu daban, kuma suruka ba ta shiga irin wannan magana. Na gwada zuwa da matata, ita ma kunyar ta ɗaure ta, suka gaisa, muka yi shiru mu uku.

Sai na yi dabara. Na je bayan kamfani na sami Gwaggo, fuskarta da girarta duk ƙaiƙayi. Na ce zan riƙa sayen shanshera ina aikowa ta hannun wani direban da ke bin hanyar Argungu, a ce wata mai sayar da abinci ce a Birni ke son 'yar gida. Ita Gwaggo kuma ta koma gidanmu ta kama wa Inna, ladan aikinsu na wuyana.

Ta dube ni ta ce, "Kai da ka saba karanta ma mutane gaskiya, yau ƙarya za ka koya? Da tsufana za ka sa ni?"

"Ba ƙarya ba ce sosai, Gwaggo. Shinkafar dai za a ci ta."

"Wa za shi ci?"

"Mu."

"Ku nawa ne a gidan?" Ta kaɗe faifai a gwiwa. "To. Ni dai ƙurar ga ta ishe ni. Amma ka sani uwarka ba yarinya ba ce."

Asabar ta gaba hayaƙi na hango tun daga bakin lungu. Ganga biyu na kan wuta, tabarmi shimfiɗe da shinkafa, Gwaggo ta jawo wata mata guda ta taya su. Ban gama zama ba Inna ta ce:

"Ku ce ma mutumin Birni mun samu ciniki daga garinsu. Ashe akwai sauran masu hankali can."

A ranar na ji labarin ƙafar. Ta zame ne a bakin rijiya tun kafin azumi. Na ce a gaya mata za mu je asibiti, ta ce a gaya mini ba ta zuwa, Gwaggo ta ce ita ba za ta isar da wannan saƙon ba domin na banza ne. Ranar Litinin muka je.

Wata biyar muka yi a haka. Direba ya kai shanshera, ya dawo da shinkafa gidana a Gwadangaji, gefen Birni. Yarana ba sa son ta, sun saba da fara sol ta kamfani, suna cewa wannan tana wari irin na hayaƙi. Muka ci abin da muka iya, muka ba maƙwabta, muka kai masallaci, duk da haka buhuna suka taru a ɗakin ajiya har ƙwari suka fara shiga na ƙasa. Matata ba ta ce in daina ba. Ta dai tambaye ni sau ɗaya ko na yi tunanin inda abin zai tsaya. Na ce mata ban yi ba.

Wata Asabar na iske ba wuta a murhu. Inna na zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, Gwaggo na gefe tana wasa da bakin zane, ba ta tsokane ni ba. Bayan gaisuwa Inna ta ce mata:

"Tashi ki duba min ko an buɗe injin niƙa."

"Ba ki da niƙa yau."

"Duba dai."

Gwaggo ta fita. Na yi zaton za mu koma shirun da na sani. Inna ta juya ta fuskanci bangon ɗaki, ta ba ni gefen kafaɗa, sannan ta yi magana, kuma ba ta ce a ce ma kowa ba.

"Buhun da munka aika wancan sati, ban tsince shi ba. Da gangan. Na makon da ya wuce shi kuma na bar shi ya ƙone a gindin ganga, rabinsa baƙi. Shekara arba'in ina aiki da masu tuwo. In tsakuwa ɗaya ta shiga haƙorin mai saye, har gida suke biyo ni da zagi. Wagga mata taka ba ta taɓa cewa komai ba. Ba ta ce ya yi tsada ba, ba ta ce ya yi laima ba."

Muryarta a kusa ta yi mini baƙo, kamar ta wata da na sani a waya kawai.

"Na san abin da ya sa ka yi. Allah shi yi maka albarka. Amma ni aiki na iya, ban iya wasan aiki ba. Itacen da nake ƙonawa na gaske ne, bayan waccan tsohuwa da ke duƙawa na gaske ne. In duniya ta daina son abin hannuna, a bar ni in sani. Ka bari."

Na ce, "To, Inna."

"Ka rantse ba za ka canza direba ka ci gaba ba."

Na kusa yin dariya, domin abin da ke raina ke nan. Na ce na yi alkawari. Ta gyaɗa kai ga bango. Da Gwaggo ta dawo ta tsaya a bakin zaure ta dube mu, ta ce injin a rufe yake.

Wannan ce magana mafi tsawo da uwata ta taɓa yi mini, kuma ba ta sake ba. Na yi tsammanin tunda an fara za a ci gaba. Asabar ta gaba na gaishe ta, na ƙara da tambayar ƙafa kai tsaye, ta ce "Da sauƙi" ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai da na yi shirin tafiya. Na gane cewa abin da ta yi ranar nan ya yi mata nauyi, kuma ba ta son a maimaita mata shi.

Gwaggo ta koma bayan kamfani. Ba laifinta ba ne, tana da jikoki a hannunta. Takan leƙo ranar Juma'a da yamma, ni kuma ranar ina aiki. Gangunan kuwa, Inna ta ba wani mai wankin babura.

Yanzu ƙanwata da ke aure a Sakkwato ce ke taimakonmu. Idan na zauna sai in kira ta, in buɗe muryar wayar, in ajiye a kan tabarma tsakanina da Inna. Inna ta sunkuya ta ce a ce ma mutumin Birni kaza, ƙanwata ta maimaita daga nisan tafiyar awa biyu, tana mita cewa mutum biyu na zaune wuri ɗaya suna cinye mata caji. Ba ta da barkwancin Gwaggo, kuma tana da yara da girki, minti goma ne iyakarta. Amma da shi na san cewa rufin ɗakin Inna na yoyo, da shi ta san an ƙara mini girma a wurin aiki.

Asabar da ta wuce na kira sau uku ba a ɗauka ba. Na bar wayar a kan tabarma ko za ta biyo kiran. Akwai maganar da na zo da ita, ta ko Inna za ta yarda ta dawo Gwadangaji da zama kafin damina. Tireloli na wucewa a babban titi, muna jin su daga nan. Inna ta tsince zaren da ya fita a bakin tabarma, ni na duba wayar. Da aka kira la'asar na ɗauke ta na sa aljihu, na durƙusa na ce zan koma.

Ta ce, "A gaida gida."