Golan da Aka Rubuta Mai Gadin Sito

Katanga ake ce masa tun yana saurayi, don in ya tsaya a bakin raga sai dai ƙwallo ta nemi wata hanya. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tsare wa ƙungiyar masaƙa gida, amma takardar aikinsa ba ta ambaci ƙwallo ko sau ɗaya ba. A zamaninsu ba a biyan mutum don ya buga wasa. Kamfani ne zai ɗauke ka, ya laƙaba maka wani aiki a rubuce, ƙarshen wata ka bi layin leburori. Shi mai gadin sito aka rubuta masa, har ya bar wurin bai san inda makullin yake ba. In sun ci wasa a ƙara musu da sandar sabulu da yadin da inji ya ɓata. Matarsa ta daɗe tana ɗaura nasarorinsa.

Ranar da gwiwarsa ta goce a fili, ya kai takardar asibiti ofis. Akawu ya buɗe fayil, ya dube shi ta saman tabarau.

"Malam, mai gadin sito me ya kai shi tsalle?"

Ko kwabo bai samu ba. Ya kafa rumfar facin taya a bakin titi, da ita ya aurar da 'ya'ya biyar. Yanzu in rediyon rumfar ya faɗi abin da 'yan wasa ke ɗauka a mako, masu jiran faci su riƙe baki, shi kuwa ko a jikinsa. "Su ci," yakan ce. "Mu muka tsince musu duwatsun filin."

Wata safiya jikarsa ta faɗo rumfar da takarda a hannu. Ita ce mai lamba tara a ƙungiyar mata ta garin, ƙwallo goma sha huɗu ta zura a bara.

"Tsoho, tashi ka ga arziki! Albashi za su fara ba ni."

"Amarya, da sassafe? Miƙo tabarauna."

Ya bi layukan da yatsa mai baƙin mai. A layi na uku ya tsaya: mai karɓar baƙi a ofis.

"Ba za ki sa hannu ba."

"Kai wa? Yau ne fa ranar ƙarshe! In na ƙi, akwai mutum uku a bayana."

"Su ukun sun ci goma sha huɗu? Ɗauko min hulata."

Ofishin manaja hawa biyu ne, sai da Katanga ya huta sau biyu a bene. Fanka na juyawa, kofuna sun yi ƙura a saman kabad. Manajan, wani mai ƙiba da waya biyu a gabansa, ya taso da fara'a.

"Baba Katanga da kansa! Mahaifina har ya rasu yana labarinka."

"Allah ya ji ƙansa. Ɗana, wannan yarinyar baƙi za ta karɓa?"

"Ai rubutu ne kawai, Baba. Kuɗin mata ta ɓangaren ma'aikatan ofis yake fitowa. Ko sisi ba zai ragu ba."

"In ta karye fa?"

"Haba, Allah ya kiyaye."

"Amin. In ta karye fa?"

Manaja ya juya waya ɗaya a kan tebur. Jikar ta taka ƙafar kakanta a ɓoye, ya yi kamar ba shi aka taka ba.

"To shi ke nan," in ji Katanga. "Mun yarda. Ba ta biro. Ƙarfe nawa ake buɗe ofis ranar Asabar?"

"Asabar ai muna da wasa, Baba. Wasan kusa da na ƙarshe."

"Ku da wasa. Ita tana nan a kan teburinta, ta yi kwalliya, duk baƙon da ya zo ta ba shi ruwa. Aikin da kuka ɗauke ta ke nan."

Sakatariyar da ke bakin ƙofa ta kasa riƙe dariya. Manaja ya share goshi, ya dubi yarinyar, ya dubi tsohon.

"Me kake so a rubuta?"

"'Yar wasa. In ta ji rauni, magani naku. Albashi kuma ba ya tsayawa don tana kwance."

"Na ukun nan sai na tambayi na sama."

"Ga waya har biyu. Ina zaune."

Minti ashirin manaja ya yi a baranda yana magana da hannu da ka. Da ya dawo bai zauna ba, ya ce wa sakatariya ta sake bugawa. Katanga ya karanta sabuwar tun daga sama har ƙasa, sannan ya tura wa jikarsa biro.

A bene ta riƙo hannunsa.

"Wallahi tsoho, saura kaɗan ka kashe ni. Da ya ce mu tafi fa?"

"Da mun tafi, ya biyo mu da mota. Ke dai ki gaya wa sauran 'yan matan su karanta layi na uku."