Na'urar da Aka Ɗaure Sau Biyu a Cadawa

Yahuza Labo gyaran rediyo ya gada. Ubansa ya bar mashi tebur ɗaya a bakin kasuwar Cadawa, da akwatin kayan aiki, da halin ƙin yawan magana. Ya yi shekara uku a Maradi yana sharar wani ɗakin intanet, a nan ya koyi kwamfuta da ido da hannu, ba wanda ya ba shi takardar shaida. Da wani furoje, wato shirin tallafi na ƙasar waje, ya kawo wa ƙungiyar manoman wake kwamfuta ɗaya da faifan hasken rana, shi aka ɗauka ya riƙa kula da ɗakin da aka ajiye ta. Albashin kaɗan ne, amma shi ke riƙe gidansa idan rumbu ya ƙare.

Masu furojen sun ɗaure manhajar shiga intanet kafin su miƙa na'urar. Shafi biyu kawai take buɗewa, duka nasu. Ka rubuta wani adireshi, sai rubutu ya fito da Faransanci cewa mai kula da na'urar ya hana. Ka shiga wurin canza tsari, maɓallan duk sun dusashe, ba su latsuwa. Da sojoji suka karɓi mulki a farkon 2010, furojen ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Shafukan nan biyu suka mutu. Ɗaurin bai mutu ba.

Shekarar yunwa ce. Wata ƙungiyar agaji ta sanar a rediyo za ta raba irin wake mai saurin nuna, amma sai an cike takardar nema ta intanet. Yahuza ya ce wa kwamitin manoman su ba shi yini ɗaya ya kwance ɗaurin. Suka ce kayan furoje ne, ba a taɓawa sai da takarda mai hatimi. Aka rubuta wasiƙa. Basira, sakatariyar ƙungiya, ta kai ta Maradi, ta tarar buron furojen, wato ofishinsu, ya zama shagon sayar da taya. Kwamiti ya zauna sau biyar a kan wanda za a aika wa wasiƙa ta biyu.

A zaman nan ba wanda ya kai Alhaji Na'Allah ɗaga murya. Dillalin hatsi ne, mai baki. "An ɗaure mu kamar awaki, mai igiyar kuma ya bar ƙasar," in ji shi. Aka yi ta tafa mashi. Ba a yanke kome ba.

Saura kwana huɗu a rufe karɓar takardu, Yahuza ya daina jira. Bayan azahar ya kife teburin na'urar, ya sami kalmar sirrin masu furoje manne a ƙarƙashinsa da salatif, inda ya taɓa ganin ma'aikacinsu yana leƙawa. Ya shiga da ita, ya nemo wurin da na'urar ke ajiye dokokinta. Layi goma sha ɗaya ne. Ya kwafe su a takarda saboda gudun kuskure, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya kashe na'urar ya kunna. Maɓallan suka farfaɗo. Kafin la'asar Basira ta cike takardar. Iri ya zo kafin ruwan shuka, kwamiti kuma ya karɓi godiya.

Shekara ta zagayo, ƙasa ta yi zaɓe, ƙungiya ma ta yi nata. Na'Allah ya zama shugaba da alkawarin kome a fili. Aka sake rabon iri, bai isa ba. Wani dattijo, Tsoho Mudi, wanda ya koma gida da buhu wayam, ya shigo ɗakin ya ce a duba mashi ko masu agajin ne suka rage. Yahuza ya buɗe shafinsu. Sun rubuta abin da suka aika wa kowace ƙungiya. Buhu sittin ne a gaban sunan tasu. Kowa ya san talatin da takwas aka shigar sito. Yahuza ya karanta yadda ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba.

Washegari Na'Allah ya zo da kansa, ya zauna a kujerar na'urar.

"Malam Yahuza injiniya, an ce ka zama mai karanta labarai."

"An tambaye ni, Alhaji."

"Mutanen nan ba su yi lakol ba, ba su san boko ba. Su ga lamba, su ɗauke ta su fita da ita kasuwa. Dokokin da ka goge, Basira ta ce ka kwafe su a takarda."

"Suna nan."

"To, maida su. Shafin da kwamiti ya yarda da shi, shi kaɗai za a buɗe."

"Bara kai ka ce an ɗaure mu kamar awaki."

Na'Allah ya yi dariya. "Bara igiyar baƙo ce. Wannan ta gida ce. Ka yi tunanin ƴaƴanka, rani bai ƙare ba."

Yahuza ya yi tunaninsu. Huɗu ne, kuma rediyo ya fara rasa kasuwa tun da waya ta shigo. Aikin da ake nema bai fi na rabin awa ba, hannunsa ya san hanya. Ya ciro makullin ɗakin daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Na iya kwancewa, Alhaji. Ɗaurin sai ka nemo wani."

Bai yi wuyar samu ba. Cikin mako aka kawo wani daga Maradi a kan babur, ya ɗaure manhajar, ya sa sabuwar kalmar sirri, wannan karon ba a manna ta ƙarƙashin tebur ba. Ba a nemi takarda mai hatimi ba. Kwamiti bai zauna ko sau ɗaya ba.

Manoman da aka ci irinsu sun yi gunaguni a inuwar kasuwa, ranar taro suka yi shiru, don sito a hannun shugaba yake, damina kuma tana sake zuwa. Tsoho Mudi kaɗai ya kawo wa Yahuza rediyonsa, da alama ma rediyon lafiya ƙalau yake.

Yahuza na nan a teburin ubansa. Matarsa ta fara soya ƙosai a ƙofar gida. Wani lokaci mutum ya tsaya ya yaba mashi, ya ce ai ya yi abin da ya dace. Yahuza ba ya ɗaga kai daga aikin da ke gabansa. Sai ya tambaye shi ko ya zo da abin gyara.