Nauyin da Malam Tasi'u Ya Saya da Kuɗinsa

Wata rana wani dattijo, Malam Tasi'u, ya shiga kasuwar gwanjo neman jakar barci.

Ga wanda bai sani ba, bargon nan ne mai zif da masu hawa dutse ke shigewa ciki su kwana a daji.

To me ya haɗa mai shekara hamsin da biyar, ga tumbi, da hawa dutse?

'Yarsa ce, Rumasa'u. Saura wata guda bikinta, kuma angon a Fatakwal yake aiki. Da uban ya tambaye ta abin da take so kafin ta tafi, ya ɗauka firji za ta ce. Sai ta ce so take ya bi ta da 'yan ƙungiyarsu su hau dutse a Mambilla, su ɗauki hoto tare a ƙololuwa.

Ya yi alkawari a gaban mahaifiyarta. Bakin alƙalami ya bushe.

Kafin ya fita kasuwa, yarinyar ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya nemi wadda aka cika da lallausan gashin agwagwa. Ya matse ta, in ta dunƙule ta sake kumbura da kanta, ita ce. Ya ja zif, ya duba ɗinki ko gashi na fita, ya shinshina. Ba sai sabuwa ba, ta gwanjo mai kyau ta wadatar.

Ya ce to.

Amma fa mutumin nan shekara ashirin ya yi yana sayar da barguna a kasuwar Kwari. A wajensa ba a tambayar bargo komai, ɗaga shi ake yi. In hannu ya ji jiki, kaya ne. In bai ji ba, yaudara ce.

Mai gwanjo ya miƙo masa ta gashin agwagwa. Ya ɗaga da yatsa biyu, ya yi dariya har da tari, ya ce shi ba a sayar masa da iska.

Can ƙasan dila ya hango wata jibgegiya mai cike da auduga. Ya ɗaga, kafaɗarsa ta amsa. Kuma ta fi araha. Ya koma gida yana jin ya ci kasuwa, har yana tausaya wa yaran zamani.

Rumasa'u ta kalli jakar, ta kalli ubanta.

Ranar hawa, jakar ta ƙi shiga cikin kayansa, sai ɗaure ta aka yi a baya kamar goyon tagwaye.

Awar farko shi ne a gaba, yana ba matasa labarin ƙarfin mutanen da.

Awa ta biyu labari ya ƙare.

Awa ta uku aka fara yayyafi. Auduga kuwa ba ta gaba da ruwa, ta sha ta ƙoshi. Malam Tasi'u ya fara haki, numfashinsa har na bayan layi na ji.

Ya zube kan wani dutse. Ya ɗaga kai ya ga ƙololuwar tana can inda take tun safe.

A nan dariya ta ƙare masa. Ba gajiyar ce ta fi damunsa ba. Abu ɗaya tak yarinyar nan ta roƙe shi a duk shekarunta, ga shi zai gaza a rabin hanya saboda taurin kansa. Kunya ta kama shi, idonsa ya ciko.

Rumasa'u ta dawo ta tsuguna a gabansa.

"Baba, ajiye ta a nan, gobe ma ɗauka in za mu sauka."

"In ajiye in kwana a me? So kike sanyin nan ya yi ajalina?"

Ta zuge jakarta ta fito da ƙulli biyu, kowanne bai wuce kankana ba.

"Wannan tawa. Wannan taka."

"Tawa? Yaushe kika saya?"

"Ranar da ka ce min to, Baba. Shekara ashirin da huɗu nake jin wannan to ɗin."

Ya karɓa. Hali zanen dutse, sai da ya ɗaga su ya auna. Biyun a haɗe ba su kai rabin tasa ba tun tana busasshiya.

Ya kwance goyonsa ya miƙe.

Dab da magariba suka isa sama, yana tafe yana dafa kafaɗarta.

Da gari ya waye kowa ya fito ɗaukar hoto, haƙora na kaɗawa. Malam Tasi'u ya yi sallar asuba ya koma cikin iskar da ya raina, ya ja zif har wuya, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya fitowa.

Matasa huɗu suka tayar da shi tsaye a cikinta kamar buhun masara.

Haka aka ɗauki hoton. Fuskarsa kaɗai a waje, 'yarsa ta rungume buhun, tana dariya tana share hawaye.

Wai an so a sake wani mai mutunci. Rumasa'u ta ce a'a, wannan za ta kafa a falonta.

Darasi:

Bargon da zai zauna kan gado, auna shi da hannu. Wanda za ka goya, tambayi bayanka.

Kuma in ɗanka ya san hanyar da ba ka taɓa bi ba, saurare shi. Ba kowa ke da 'yar da za ta ɗauko masa ta biyu a ɓoye ba.

Ka tura wa wannan ɗan'uwan naka da ba a gaya masa magana. Ka san shi, kada ka yi kamar ba ka sani ba.