Jitar da Rhona Ta Ara

Rhona Geddes bahaguwa ce, amma da jitar masu hannun dama ta koyi kiɗa. Tana 'yar shekara goma sha biyar yayanta Murdo ya samu aiki a rijiyar mai ta tsakiyar teku, mako biyu can, mako biyu gida. Duk ranar da zai koma, kafin motar da ta ɗauke shi ta bar layinsu a garin Arbroath, Rhona ta riga ta shige ɗakinsa ta jawo jitar lantarkinsa daga ƙarƙashin gado. Ba halin ta sauya wa tsirkiyoyin wuri su dace da hannunta, don in ya dawo zai gane. Sai ta juya jitar baki ɗaya, wuyan ya kalli dama, tsirkiya mai kauri ta koma ƙasa, siririyar ta dawo sama. A haka yatsunta suka saba, ba kuma wanda ya iya raba su da wannan riƙon daga baya.

Da ta cika sha tara ta tashi komawa Glasgow, ta tafi da jitar. Ta bar masa 'yar takarda a kan matashi, ta rubuta, "Aro na yi." Murdo bai taɓa tayar da zancen ba. Ita ma ta yi gum, har shekara ashirin da bakwai suka shige.

A cikin waɗannan shekarun ba ta yi sunan da za a tare ta a titi ba, ba kuma ta ɓace ba. Ita da Fergus mai ganguna suka kafa ƙungiyarsu, ba wani babban kamfani da ya ɗaure musu gindi. Su suke naɗar waƙoƙinsu, su suke sayar da faifansu a kan tebur a bakin ƙofa bayan an tashi daga wasa. Sau biyu a shekara sukan cika tsohuwar bas ɗinsu da kaya, su bi garuruwa har ƙetaren teku, su yi wa mutum ɗari ko ɗari biyu wasa a ƙananan ɗakuna. Sauran watannin kuwa Rhona raba burodi take yi a shaguna da motar wani gidan burodi.

Tana da wasu jitocin. Akwai wata shuɗiya mara nauyi da ta saya a Hamburg, wadda aka ƙera don bahagwai, amma sai da ta jera mata tsirkiya a kife kafin ta iya taɓa ta. Akwai kuma koriya da wuyanta ya taɓa karyewa aka liƙe, ita waƙa ɗaya tak ake fito da ita dominta. Sai dai duk wanda ya san kiɗan Rhona, muryar baƙar jitar Murdo ya sani, murya mai kauri da ɗan gurnani a ƙasanta. Fentin ya goge inda hannunta ke gogawa, itacen ya fito fili yana sheƙi. Nauyinta kilo biyar ba kaɗan. Shi ya sa Fergus yake kiran ta Ƙyaure.

"Wata rana sai na sa mata mabuɗi," yakan ce in yana sauke ta daga mota. "Ke kam ba kiɗa kike yi ba, dako kike yi."

"Mai zama a kujera yana dukan fata ne zai gaya min dako?" in ji Rhona.

Ciwon a kafaɗar dama ya fara, inda maratayin jitar ke zama. Ta shafa magani ta share. Sai wata rana da la'asar a Leeds, suna gwada na'urori kafin a buɗe ƙofa, ta ji ƙaramin yatsanta da na kusa da shi sun mutu. Tana kallon su a kan tsirkiya, tana ba su umarni, ba su motsa. Fergus ya ajiye sandunansa.

Likita ta ce jijiya ce ta matse a wuya. Ta ce za a iya lallaɓa ta ba sai an yi aiki ba, amma in Rhona ta ci gaba da rataya wannan nauyin awa biyu kullum, wata rana ko cokali ba za ta riƙe da hannun ba.

Rhona ta ɗauki jitar ta kai wa Wishart, wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa da ya shekara ashirin yana duba mata su. Ya ɗaga ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa.

"Zan iya fafe cikinta ta baya in rufe," ya ce. "Za ta rage kamar kilo ɗaya da rabi. Muryar za ta ɗan sauya, amma za ki gane ta. Sai dai ki sani, abin da aka sassaƙe ba ya komawa." Ya jawo takardar da yake cikewa kafin kowane babban aiki. "Taki ce dai ko?"

Tambaya ce ta al'ada, kansa ma bai ɗaga ba. Rhona ta mayar da jitar cikin akwatinta. Ta ce masa za ta dawo.

Ranar Lahadi ta kama hanyar Arbroath. Murdo ya bar aikin teku tun shekara uku da suka wuce, aurensa ya mutu kafin nan, yana zaune shi kaɗai a gidan iyayensu, yana taya wani abokinsa ƙyafe kifi a bakin tashar jiragen ruwa. Ya dafa shayi, ya kawo kifi da burodi da man shanu. Sai da suka gama ci ta buɗe akwatin a kan teburin kicin ta yi masa bayani, da maganar likita da ta Wishart duka.

Ya daɗe yana kallon jitar, hannuwansa a kan gwiwa.

"A'a," ya ce.

"A'a me?"

"Ba za a fafe ta ba. In ba za ki iya ɗaukar ta ba, ki bar min abata."

Rhona ta yi dariya, don ta zaci wasa yake. Da ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya. "Murdo, shekara ashirin da bakwai ba ka tambaye ta ba."

"Ke kin tambaye ni ranar da kika ɗauka?"

"Ai a ƙarƙashin gado take tana shan ƙura."

"Ƙura?" Ya girgiza kai. "Duk hutun da na zo, Laraba da Asabar Dundee nake zuwa wurin wani mutum yana koya min kiɗan jita. Ban gaya wa kowa ba, kin san bakin Baba. Na dawo na tarar da takardarki, na sauko da ita a hannu, Baba ya karanta ya yi dariya ya ce, to ai ta fi ka iyawa, mu da muke jin ku ta bango mun sani. Bayan wannan da wane bakin zan ce a dawo min da ita?"

Ba ta taɓa jin wannan labarin ba. Sai haushi ya zo mata. "Da ita nake cin abinci. Duk waƙar da na taɓa yi a kanta na yi."

"Na sani, auta. Ina da faifanki duka bakwai. Na ukun ne mai daɗi, sauran hayaniya ta yi yawa." Ya ɗan taɓa wurin da fentin ya goge. "Ba na ce ba ki cancanta ba. Na ce tawa ce, kuma ba na son a sa mata wuƙa."

Ta rufe akwatin, ta tura masa, ta fita ko sallama babu. A cikin mota ta zauna fiye da rabin awa tana kallon teku, ta kasa tayar da injin. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san gaskiyarsa ce.

Zagayen da suka yi a wannan kakar bai yi daɗi ba. Shuɗiyar jitar ba ta da nauyi, amma muryarta siririya ce, tsofaffin waƙoƙin suka zama kamar miyar da aka tsinka da ruwa. A Bristol wani mutum mai furfura ya zo teburin faifai ya ce ya shekara goma sha biyar yana bin su, ina baƙar? Rhona ta ce ta koma wurin mai ita. Ya ce to gaskiya an ji rashinta. Ta ce ita ma ta ji. Fergus ya rage ƙarfin dukansa ba tare da an roƙe shi ba, ya kuma daina tsokanar ta har na tsawon mako biyu, sai da ta ce masa in bai koma halinsa ba za ta nemi wani mai gangan. Kusan shekara ta ɗauka kafin ta daina neman tsohuwar muryar a jikin sabuwar jitar, ta fara rubuta waƙoƙin da suka dace da ita, masu sanyi, da ɗan sarari tsakanin sauti da sauti. Wasu tsofaffin masoyan suka janye, wasu sababbi suka zo.

Murdo ne ya fara kira, wata biyu bayan rabuwarsu, da safe tana tsakiyar raba burodi.

"Me kika yi wa abin nan? Maƙalin maratayin yana can gefen da ba nasa ba."

"Akwai tsohon ramin, ka mayar da shi."

"Yatsuna duk sun fashe."

"Za su yi kanta. Ka ci gaba."

Sannan ya ce, "Waƙa ta biyu a faifan nan na uku. Ina ake sa yatsu?"

Ta gwada gaya masa ta waya, abin ya gagara, don duk inda ta ce sama shi ƙasa ne a wurinsa. Suka yi ta musu har wani mai shago ya fito yana tambayar burodinsa. A ƙarshe ta ce ya bari sai Lahadi.

Tun daga nan, in ba ta kan hanya, takan je Arbroath Lahadi biyu a wata. Kafaɗar ta yi sauƙi, ko da yake ƙaramin yatsan yakan yi nauyi in sanyi ya tsananta. Murdo ba shi da kunnen kiɗa sosai, hannunsa kuma ya tsufa a aikin ƙarfe, amma ba ya fashi ko kwana ɗaya. Bayan shekara guda ya iya waƙa uku. Wata Lahadi ya zaunar da ita a kicin ya ce zai kaɗa mata ta biyun nan daga farko har ƙarshe. Tun a layin farko ya kuskure, ta miƙa hannu za ta gyara masa yatsa.

"Kar ki taɓa," ya ce, idonsa a kan tsirkiya. "Bari in kai ƙarshe."

Rhona ta janye hannunta ta zauna a kan hannun. Ya yi ta tafiya a hankali, yana tuntuɓe yana tashi, waƙar minti huɗu ta ci masa kusan bakwai. Ta saurare shi har ya gama.